Yadda ake tattakin daji da bakin teku a kewayen Brighton, daga Stanmer har Seven Sisters

Tun ranar da na ɗora hotunan farin dutsen nan na Seven Sisters, jerin tuddan alli da ke bakin teku tsakanin Seaford da Eastbourne, tambayoyi basu yanke ba, musamman daga ƙannenmu ɗalibai da suka shigo Ingila kwanan nan, wasu a nan Brighton wasu a Landan: ta ina ake bi, nawa ake kashewa, wane takalmi ake sawa, ko mace zata iya, ko akwai macizai. Toh bara na zauna na jero muku abin daki-daki yadda nake yi. Abu ɗaya dai nake so ku riƙe tun daga farko, a wannan yankin ba gajiya ce ke cutar da mutane ba, abu uku ne: bakin dutse, cikowar teku, da duhu da ke riskar mutum a hanya. Duk sauran abubuwan masu sauƙi ne.

1. Zaɓi hanya daidai ƙarfinka, kar ka fara da babbar

Kusan kowa da Seven Sisters yake son farawa saboda hoto, ni kuma kullum cewa nake a bi abin hawa-hawa.

Na farko Stanmer Park. Yana manne da jami'ar Sussex a Falmer, shiga kyauta ne, bas mai lamba 78 na kai ka har ciki daga tsakiyar gari, ko ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Falmer ka taka. Akwai fili, akwai daji a gefen tudu, zagayen awa ɗaya zuwa biyu ya ishe ka ka gane ko takalminka na cizo kuma ko numfashinka na ɗaukar hawa. In ka je ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu zaka tarar ƙasan dajin ya rufe da shuɗin fure kamar an shimfiɗa atamfa, wallahi abin kallo ne.

Na biyu hanyar ƙarƙashin dutse daga Brighton Marina zuwa Saltdean, wajen kilomita 5, siminti ne shimfiɗe ba hawa, har keken yara ana turawa. Teku a damanka farin dutse a hagunka.

Na uku Seven Sisters Country Park tare da dajin Friston da ke bayansa. Daga ofishin baƙi na Exceat zuwa bakin ruwa a Cuckmere Haven hanya ce miƙaƙƙiya, wajen kilomita 2. In kana son hawa sai ka haye tudun farko ka bi tuddan har Birling Gap, wajen kilomita 6, daga nan ka karya zuwa ƙauyen East Dean ka hau bas.

Sai babbar, Seaford zuwa Eastbourne, kilomita 21 zuwa 22, awa shida zuwa bakwai ga mai tafiya daidai har da hutu. Wannan kar ka yi ta sai ka yi ƙananan nan aƙalla biyu.

Gargaɗi: kar tsawon kilomita ya ruɗe ka. Wanda ya saba taka kilomita 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu zai ce ai shida ba komai bace, amma a Seven Sisters hawa ne da sauka, ka hau ka gangara ka sake hawa, sau bakwai har da ƙari, gwiwa ce ke biyan kuɗin.

2. Duba yanayi, teku da faɗuwar rana kafin ka sa rana

Wannan matakin shi ne wanda mutanenmu suka fi tsallakewa kuma shi ne ya fi komai muhimmanci, don haka zan daɗe a kai.

Yanayi: ka sauke manhajar Met Office, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, ka duba sunan wurin da zaka je, wato Seaford ko Eastbourne, ba Brighton kawai ba. Kar ka tsaya kan ruwan sama, ka duba ƙarfin iska, musamman bugun da take yi lokaci-lokaci. Ni dai ƙa'idata in na ga bugun iska ya kai mil 35 zuwa 40 a awa bana hawa kan dutsen, sai na juya zuwa dajin Friston ko na fasa, in kuma an sa gargaɗin guguwa to dajin ma bana shiga saboda rassa na karyowa. Sannan iskar wajen yawanci daga kudu maso yamma take zuwa, shi yasa ake fara babbar hanyar daga Seaford a nufi Eastbourne, iska na tura ka ta baya maimakon ka yi ta kokawa da ita yini guda. Hazo ma na saukowa daga teku ba sallama, ana rana tas cikin ɗan lokaci ka daina ganin abin da ke gabanka, in ya riske ka a sama ka matsa can nesa da baki ka rage sauri.

Teku: wanda ya taso a Kano ko Zinder bai san wannan ba kuma ba laifinsa bane, ni ma sai da na zo na koya. Ruwan teku na cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa wajen awa shida, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50, don haka jadawalin jiya baya yi maka aiki yau. A wannan gaɓar bambancin cika da janyewa na kaiwa kusan mita shida a ranakun da ya fi ƙarfi, ranakun nan kuwa mu ne ma muka fi saurin gane su, su ne kwanakin tsayuwar wata da kuma tsakiyar wata, 14 da 15. Ka nemi jadawalin cikar teku na Newhaven ko Eastbourne a intanet, kyauta ne. In a saman dutse kawai zaka bi teku bai shafe ka ba, amma in zaka sauka bakin ruwa a Birling Gap ko Cuckmere Haven to ka sauka lokacin da ruwa ke janyewa kuma kar ka yi nisa da inda ka sauko.

Gargaɗi: kar ka kuskura ka ce zaka bi ta ƙasan dutsen daga Cuckmere Haven zuwa Birling Gap. Babu mafita a tsakani, in ruwa ya ciko bayanka dutse ne tsaye gabanka teku, kuma dutsen na zubowa da kansa. Ana yawan kiran masu ceto saboda wannan kuskuren. Hatta hanyar siminti ta Saltdean in teku ya cika ga iska, igiyar ruwa na tsallako katangar har da tsakuwa.

Rana: a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, a Yuni kuwa har bayan tara da haske. Ka duba lokacin magariba, ka cire awa ɗaya, wannan shi ne lokacin da ya kamata a ce kana tashar bas. Daga nan sai ka lissafo baya ka san ƙarfe nawa zaka fita. Babbar hanyar ni bana ba sabon shiga shawarar yinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

3. Takalmi da sutura

Takalmi ne kaɗai abin da nake cewa a kashe wa kuɗi. Ƙasar wajen alli ce, in ta jiƙe santsi take kamar an zuba miyar kuɓewa, dajin Friston da Stanmer kuwa da sanyi taɓo ne har idon sawu. Kana buƙatar takalmi mai ƙasa kaushi mai haƙora. Da bazara in ƙasa ta bushe kambas mai kyau zai yi, amma mai sulɓin ƙasa irin na gayu a'a. A shaguna irin Mountain Warehouse ko Decathlon ana samun na tattaki daga wajen fam 30 zuwa 60, a manhajar gwanjo ta Vinted ko shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji kuma ƙasa da haka sosai. Ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka kaɗan, saboda ƙafa na kumbura da tafiya kuma a gangara yatsu na dukan gaba.

Gargaɗi: kar ka sa sabon takalmi ranar doguwar tafiya. Na taɓa yin haka, kafin mu kai Birling Gap dugaduganna biyu sun yi bororo sun fashe, dole na bar abokan tafiya na hau bas, kuma sati guda ina ɗingishi. Ka sa shi kwana uku huɗu zuwa makaranta ko aiki tukuna. Ka shafa basilin a yatsu da dunduniya kafin ka sa safa, safar kuma mai kauri, ka riƙe wata a jaka.

Sutura a jera ta ake yi, riga mara nauyi a ciki, suwaita a tsakiya, rigar ruwa mai hula a sama, in ka ji zafi ka cire ɗaya in ka tsaya hutu ka mayar. Jibgegiyar jaket ɗaya bata aiki, zaka yi gumi a hawa sannan iska ta busa ka sanyi ya kama ka. Wandon jins da rigar auduga in suka jiƙe basa bushewa, ka guje su. Lema kuma bar ta a gida, iskar saman dutse juya ta take yi nan take.

'Yan uwa mata, ana yi da hijabi lafiya lau, na sha tafiya da masu yi. Abin da suka ce ya fi musu shi ne ƙaramin hijabi da baya tashi ko a cusa shi cikin jaket, da doguwar riga iya gwiwa kan wando mai faɗi. Abaya mai jan ƙasa na kwasar taɓo tana harɗe ƙafa a gangara, babban mayafi kuma iska na cika shi tana jan mutum, a kusa da bakin dutse wannan ba abin wasa bane.

4. Abin da zaka zuba a jaka

Jakar goyo ta makaranta ta isa. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu in doguwar tafiya ce, da ƙaramar gora daban ta alwala. Abinci mai riƙe ciki mara nauyi, dabino, gyaɗa, ayaba, burodi da ƙwai, da shayi a flas in lokacin sanyi ne, ba abin da ya kai kurɓar shayi mai zafi daɗi a saman tudu. Akwai wurin shan shayi a Exceat da Birling Gap amma da tsada kuma suna rufewa da wuri, kar ka dogara da su. Sai fawabank da wayar caji, filasta, farasitamol, tishu, leda ta zuba shara, siririyar darduma, ƙaramar tocila in kwanakin gajeru ne, da man kare fata daga rana in bazara ce, eh har mu baƙaƙe, farin dutsen da ruwan na maido hasken kuma iska bata bari ka ji kana ƙonewa.

Taswira: Google Maps bai san yawancin ƙananan hanyoyin cikin daji ba. Manhajar OS Maps ta fi, ko ka sayi taswirar takarda ta OS Explorer, mai lamba OL25 ita ce ta Eastbourne da Beachy Head, OL11 ta Brighton. Ko wacce zaka yi amfani da ita ka sauke hanyar a waya tun a gida, akwai kwaruruka da cikin Friston da sabis ke ɗaukewa gaba ɗaya.

5. Mota da kuɗin mota

Bas masu lamba 12, 12A da 12X su ne abokan tafiyar, suna tashi daga Brighton su bi bakin teku ta Rottingdean, Saltdean, Peacehaven, Newhaven, Seaford, su tsaya a ƙofar Seven Sisters Country Park, su wuce East Dean har Eastbourne. Ka hau bene ka zauna ta dama in kana fita daga Brighton, teku zaka yi ta kallo. Zuwa Exceat ka ba shi awa ɗaya da ɗan wani abu. Tun Janairun 2025 kuɗin bas na tafiya ɗaya a Ingila an tsayar da shi kar ya wuce fam 3 a layukan da ke cikin tsarin, amma ka duba farashin ranar a manhajar kamfanin, wani lokacin tikitin yini ya fi sauƙi in zaka hau sau uku. Ana biya da katin banki ko waya. Akwai kuma 13X da ke bi ta Birling Gap da Beachy Head amma ba kullum yake aiki ba, ya danganta da lokacin shekara, kar ka gina dawowarka a kansa sai ka tabbatar.

Jirgin ƙasa daga Brighton zuwa Seaford ta Lewes yake bi, wajen minti 35 zuwa 40. Masu zuwa daga Landan ku hau a Victoria ku canza a Lewes, dawowa kuma daga Eastbourne akwai mai zuwa Victoria kai tsaye, wajen awa ɗaya da rabi. Ɗalibi ya yi katin rangwame na 16-25 Railcard, fam 35 a shekara, yana cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, kuma ko ka haura 25 in kana karatu na cikakken lokaci kana da dama. In kun kai ku uku zuwa tara ku tambayi GroupSave, shi ma kashi ɗaya cikin uku yake cirewa a lokutan da ba cunkoso.

Gargaɗi: ranakun Lahadi ana yawan gyaran layin dogo sai a maye jirgi da bas, tafiyar ta ninka. Ka duba daren Asabar. Kuma ka rubuta lokacin bas na ƙarshe a takarda ko ka ɗauki hotonsa.

Shiga wuraren nan duka kyauta ne, mai mota ne kawai zai biya kuɗin fakin. In ka fito daga Brighton da abincinka, fam 10 zuwa 15 ta ishe ka yini guda.

6. Ka gaya wa wani, kuma ka san lambar da zaka kira

Kafin ka fita ka tura wa wani sunan hanyar da lokacin da kake sa ran dawowa. Karon farko kar ka je kai kaɗai. In wani abu ya faru a kan dutse ko bakin ruwa 999 ake kira a ce Coastguard, kalmar kenan, su ne masu ceton gaɓar teku. In a daji ne sai a nemi motar asibiti. Ka tura kalmar register a saƙon tes zuwa 999 tun kana gida ka bi umarnin da zasu maido, wannan zai ba ka damar tura musu saƙo in sabis yayi rauni kira baya shiga. Manhajar what3words ma na taimakawa wajen faɗa musu daidai inda kake.

7. Kan hanya: yadda ake bin Seaford zuwa Eastbourne

Daga tashar Seaford ka gangara bakin teku ka juya hagu, ka bi har ƙarshen gari inda tudun Seaford Head ya fara. Hawan farko na da tsayi, ka yi shi a hankali, gajerun taku, kar ka yi tsere da kowa. Daga sama ka miƙe har ka gangaro wajen gidajen nan na tsoffin masu gadin teku, nan ne ake ɗaukar hoton da kowa ya sani, duka tuddan a jere a gabanka.

A nan kogin Cuckmere ya raba ka da su, kuma a nan ne ake yawan yin wani kuskuren.

Gargaɗi: kar ka tsallake kogin da ƙafa ko da ka ga wasu na yi. Ruwan na da sanyi da ja, ƙasan duwatsu ne masu santsi, kuma zurfinsa na canzawa da teku. Ka juya ciki ka bi gefen kogin har gadar Exceat, ka haye, ka dawo ta ɗaya gefen. Zagayen zai ci maka kusan awa ɗaya kuma yana cikin lissafin kilomita 22 ɗin. A Exceat akwai banɗaki da wurin cika gora, ka yi amfani da su don babu wani sai Birling Gap. Wanda ya ji ya gaji ga tashar bas nan a bakin titi, ba abin kunya bane.

Daga nan sai tuddan. Na farkon shi ya fi tsayi da wahala. Kusan duk bakin dutsen babu shinge, ciyawa ce kawai sai sarari. Ka bar aƙalla mita biyar tsakaninka da baki, ni nakan ninka. Dalili shi ne allin na rubewa ta ƙasa, inda kake gani kamar ƙasa ce mai ƙwari wataƙila leɓe ne kawai a rataye, kuma yana ɓallewa ba tare da wata alama ba. Don ka gane yadda teku ke cin wajen, hasumiyar Belle Tout da zaka wuce bayan Birling Gap sai da aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 a 1999. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta faɗo ta rasu a nan Seven Sisters wajen ɗaukar hoto. Dan Allah dan Annabi kar ka zauna ka saki ƙafafu a baki, kar ka ja da baya kana kallon kyamara, kar ka bar yaro ya saki hannunka. In hula ko waya ta faɗi kusa da baki a bar ta.

A gangara ka sassauta gwiwa ka riƙa sauka a karkace, in ƙasa ta jiƙe ka taka ciyawa ba farin alli ba. A Birling Gap ka zauna ka ci abinci ka huta minti ashirin zuwa talatin, ka duba agogo da gaskiya, in lokaci ya ƙure ko ƙafa ta fara ciwo ka bi hanyar East Dean wajen kilomita 2 ka hau 12. In da sauran ƙarfi sai ka wuce Belle Tout ka hau Beachy Head, mita 162, shi ne dutsen alli na bakin teku mafi tsayi a Birtaniya, daga sama zaka hango hasumiyar nan mai ja da fari a cikin ruwa. Daga nan gangara ce zuwa Eastbourne, amma ka sani daga inda ciyawa ta ƙare zuwa tashar jirgi akwai sauran tafiya ta fiye da rabin awa a kan kwalta, mutane na mantawa da ita kuma ita ta fi cin rai, in akwai bas ka hau kawai.

8. Alamomi da ladabin hanya

Kibiya ruwan ɗorawa hanyar masu ƙafa ce kawai, shuɗiya har da dawakai da kekuna. Alamar ɗan itace mai kama da goro da hula ita ce ta manyan hanyoyin ƙasa, a nan tana nufin kana kan South Downs Way, wadda ta taso daga Winchester ta ƙare a Eastbourne, kilomita 160. Yawancin filayen gonakin mutane ne aka ba jama'a haƙƙin ratsawa, don haka ka tsaya kan hanya, ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka. Ba a hura wuta, ba a gashi, ba a kafa tanti a kwana, shara kuma ko ɓawon ayaba ne ka tafi da abinka. Lasifika a bar ta a gida. Mutanen da ke ɗaure fuska a cikin gari a nan zaka ga suna gaishe ka, ka amsa musu.

Karnuka suna da yawa kuma yawanci a sake, na san da yawanmu bama so. In ya nufo ka ka tsaya cak ka haɗe hannuwa, kar ka gudu kar ka ɗaga sanda ko dutse, ka ce wa mai shi ya kira abinsa, suna kira. Shanu kuwa kar ka ɗauka irin na Fulaninmu ne da suka saba da mutum a tsakiyarsu, in da 'yan maruƙa ka zagaye su nesa kar ka ratsa tsakani. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a ƙasar, yana da zane baƙi mai lanƙwasa a baya, yakan fito shan hantsi da bazara kuma gudun mutum yake yi, in ka gan shi ka ba shi hanya, in ya sari wani 999. Abin da zai fi damunka ciyawa ce mai ƙaiƙayi da ƙaya a gefen hanyar daji, dogon wando ya raba ka da su.

9. Salla

Ka duba lokuta tun a gida ka tsara inda zaka tsaya. Da sanyi azahar wajen sha biyu, la'asar kafin biyu, magariba kafin huɗu, duk suna iya riskarka a hanya. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, wajen digiri 119 a kamfas ɗin waya. Ka zaɓi kwari ko bayan shinge inda iska bata da ƙarfi, nesa da bakin dutse kuma ba tsakiyar hanya ba, ka danne darduma da jaka da takalmi. Ni nakan yi alwala a Exceat inda akwai famfo. Ba wanda ya taɓa tsangwamata, sai dai a wuce a yi maka murmushi. Da azumi kuwa babbar hanyar a haƙura da ita, Stanmer da yamma gab da shan ruwa ta wadatar.

10. In ka fi son daji: zagayen Friston

Daga bayan ofishin baƙi na Exceat ka hau ɗan tudu, ka waiwaya ka kalli yadda kogin ke lanƙwasa kamar maciji, sannan ka tsallake katangar dutse ka sauka doguwar matakala zuwa ƙaramin ƙauyen Westdean. Daga nan hanyoyi masu alamar launi sun shiga dajin, ka zaɓi launi ɗaya ka bi shi har ya dawo da kai. Kuskuren da ake yi shi ne a bar alama a bi wata 'yar hanya don yanke, hanyoyin dajin duk kamarsu ɗaya kuma wasu na masu keken tudu ne da ke gangarowa da gudu. Wannan zagayen shi nake kai masu yara da kuma ranakun da iska tayi yawa a bakin teku.

11. Bayan ka dawo gida

Kafin ka kwanta ka duba jikinka saboda kaska, bayan gwiwa, ƙugu, hammata, wuya, yara har cikin gashi. Tasu ƙanana ce ƙwarai, wata bata kai ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya sa cutar da ake kira Lyme. In ka samu kar ka ƙona ta kar ka shafa mata mai, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja sama a hankali, akwai ma ɗan abin cire ta a kemis da kuɗi kaɗan, sannan ka wanke wurin. In bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe na faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je wajen likitanka ko ka kira 111, layin neman shawarar lafiya in ba gaggawa bace, ka faɗa musu kaska ta cije ka da ranar da abin ya faru.

Takalmi kuma ka kankare taɓon, ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa masa tsohuwar jarida ya bushe da kansa, kar ka ɗora shi kan hita don gam ɗin na saki fatar ta tsage. Ciwon cinya da sha-raɓa ya fi tsanani a kwana na biyu, ka ɗan riƙa takawa kar ka kwanta gaba ɗaya, zuwa kwana na huɗu ya wuce. Sannan ka tura wa wanda ka gaya wa zaka fita saƙo cewa ka iso, tun kana cikin bas ma ya fi.